Maɓallan sauti da tayar linzami a VLC: yadda ake saita su

Tambaya: Ina amfani da VLC a Windows. Idan na murza tayar linzami, bidiyo ne ke tsallakawa gaba maimakon sauti ya ƙaru. Maɓallan kunnawa da tsayarwa na kibod ɗina kuma ba sa aiki idan ina cikin wata manhaja. Ina mafita?

Amsa: Duka biyun a shafi ɗaya ake gyara su. Buɗe VLC, danna Ctrl da P don buɗe shafin saituna, wato Preferences, ka shiga Hotkeys. A ƙasa akwai Mouse wheel vertical axis control. Naka yana kan Position control ne, mayar da shi Volume control ka danna Save. Ka tabbata kibiyar linzamin tana kan hoton bidiyon lokacin murzawa, domin idan tana kan layin da ke nuna inda fim ya kai, tsallakawa zai ci gaba da yi.

Maganar maɓallai ta fi buƙatar natsuwa. Jadawalin shafin yana da gurbin Hotkey da na Global. Na farko sai VLC ce a gabanka yake aiki, na biyun kuwa ko kana rubutu a Word. Danna sau biyu a gurbin Global na layin Play/Pause, ka latsa maɓallin da kake so, ka yi haka ga Next da Previous. Bayan Save sai ka rufe VLC gaba ɗaya ka sake buɗewa. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, saitin ba ya kamawa sai an yi hakan. Kada ka ba Global harafi kamar M, zai ƙwace shi daga duk manhajar da kake rubutu a ciki.

Idan har yanzu shiru, ka zargi burauza. Tun Chrome 73 a 2019, shafin da ke kunna sauti yana iya kama maɓallan. Rufe shi ka gwada. A kan laftof kuma wani lokaci sai an haɗa da maɓallin Fn.

Maɓallan ƙara da rage sauti kuwa, VLC tana barin su ga Windows da gangan, kuma a ganina hakan ya fi. Ƙara sautin VLC sama da kashi 100 yana sa shi kwarmato, yana kuma wahalar da ƙananan sifikun laftof. Idan kowane murzawa ya yi maka yawa, zaɓi All a ƙasan Preferences, shiga Audio, ka rage Audio output volume step daga 12.8, wato kashi 5, zuwa 5, kusan kashi 2.