Kallon Fim Tare da Suruki

Assalamu alaikum ɗana. Ina fata kai da iyali kuna lafiya.

Saƙonka ya same ni. Ka ce surukinka ya sauka a gidanka don ganin likita, da dare ka kunna fim mai dogon zango a falo, kuka zauna ku uku har da maiɗakinka, kuma da labari ya kai kunnen mahaifiyarka ta wanke ka tas. Kana tambaya ko al'ada ce ta hana hakan, ko tsaurin tsofaffi ne kawai, tunda ka sha jin mu muna hirar fina-finan Indiya da muka kalla.

Yayata ta fi ka gaskiya. Amma ba kallon ne laifinka ba, wanda ka zauna da shi ne.

Mu kam mun yi kallo, ba ƙarya. Tun kafin mu, iyayenmu sun kalli majigi. Motar gwamnati ce take zuwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko ta hakimi, a nuna yadda ake noman auduga da gyaɗa da tsaftar gida, wani na fassarawa da lasifika. Kowa yana zuwa, har hakimin da kansa, ba wanda ya ce an yi abin kunya. Amma manya suna gefensu a kan kujeru, yara na ƙasa a gaba, mata na can baya ko a bakin zaure.

Silima kuwa daban take. A Kano an buɗe Rex tun 1937, a bayan ganuwa, kuma da aka zo gina Palace a cikin birni sai da malamai suka yi ta adawa. Ga gobarar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum fiye da 300, wadda mutane da yawa suka ɗauka ishara ce. Abin da ake ƙi shi ne wurin: dare, duhu, hayaƙin taba, 'yan daba a bakin ƙofa, sannan babba da yaro kafaɗa da kafaɗa, kowa da tikitinsa. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da aka gani a can kuma ta ja wa kanta magana. Mu samari muna zuwa Plaza a Fagge, musamman daren Indiya, rufin a buɗe, in hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Mu muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, na bayanmu suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Har yau a ganina ba a yi masu waƙa irin na lokacin ba, na yanzu tsalle ya fi yawa. To amma in ka hango ƙanin mahaifinka a layin tikiti, sai ka sulale ka haƙura da kallon ranar. In shi ya riga ganinka, sai ya kau da kai, kuma har abada ba zai tayar da maganar ba. Kunyar ta ɓangare biyu ce.

Da talabijin ta shigo gida sai abin ya ɗan sassauta. Gida ɗaya ne mai ita a layinmu, ana fito da ita tsakar gida bayan Isha, yaran unguwa su cika tabarma. Samanja na Usman Baba Pategi daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da wasannin CTV, gidan talabijin na Kano da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, duk ana kallonsu maigida yana zaune, domin an shirya su ne da sanin cewa uba da 'ya za su iya gani tare. Duk da haka, in aka sa na Indiya, da an fara waƙa za ka ga maigida ya tuna yana da magana da wani a waje. Ba wanda ya koya mana wannan da baki. Bayan 1990, da aka yi fim ɗin Turmin Danya, kaset ɗin bidiyo na Hausa ya yawaita, soyayyar da muke ji da Indiyanci ta koma harshen da kowa yake ji a gidan, nan ne kunyar ta ƙaru.

Ka duba halin da ka sa bawan Allahn nan. Baƙonka ne, ba zai tashi ya bar maka falo ba don kada ka ce ya yi fushi. Ga 'yarsa a zaune, ga mijinta, ga saurayi a allo yana zuba wa budurwa kalamai. Ya yi dariya, ba daidai ba. Ya ɗaure fuska, ba daidai ba. Ita ma maiɗakin naka na tabbata idonta yana ƙasa. Suruki ko cin abinci ba ka yi a gabansa a da, balle wannan.

Na san za ka ce zamani ya canza, ga ƙannenka suna buga ƙwallon PlayStation da babansu. Wannan bai dame ni ba, dara ma ana yi da manya, in dai yaro ya san ba a yi wa babba ihu don an ci shi. Abin da ke damuna da wasan nan shi ne yaro ya ji kiran salla, ko sallamar baƙo, ya ce a jira a tashi wasa.

Sauran kwanakin da zai yi a wurinka, ka gaishe shi bayan Isha, ka kunna masa labarai ko tafsiri, ka ajiye masa rimot kusa da hannunsa, ka ɗan taɓa hira ka tashi. In rediyo ya fi so, ka samo masa. Fim ɗinku ba gudu zai yi ba, ku kalla a ɗaki a waya. Kada kuma ka je ba shi haƙuri, sai ka ƙara masa nauyi. Mahaifiyarka dai ka kira ta gobe da safe.

Ka gaida min maiɗakinka, Allah ya ba surukin naka lafiya.

Kawunka.