Me Ya Sa Masu Karatu Ke Cewa Sai An Dawo Musu Da Tsohon Mai Bincike?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabuwar marubuciya ce daga Daura. Na rubuta labarin bincike a kan satar shanu, ina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp. Jarumin wani ɗan sanda ne da ya yi ritaya. Labari ya ƙare, an kama ɓarayi, na fara shirin wani da sababbin mutane, sai masu karatu suka yi mini ca, wai sai dai in dawo da tsohon. Me suke gani a jikinsa? Kuma ba gazawa ba ce marubuci ya yi ta juya mutum ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Da farko ina yi miki barka, domin abin da ya same ki ba kowane marubuci yake samu ba. Wani sai ya yi littafi goma, ba a riƙe sunan mutum ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kafin in kai ki Ingila, bari mu tsaya a tsakar gidanmu a nan Katsina. Muna yara, bayan sallar isha'i, kakarmu kan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. In ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," muka amsa "Ta zo mu ji ta," kowa sai ya kasa kunne ya ji wa za ta ambata. In ta ce "Wata rana Gizo," sai ki ga mun ƙara matsowa, wani har ya fara kwaikwayon tsamin bakinsa tun ba a je ko'ina ba. Mun san Gizo makwaɗaici ne, mun san Ƙoƙi ce matarsa, mun san sai ya shirya wata dabara. Abin da ba mu sani ba shi ne wa zai faɗa tarkonsa yau, kuma ta ina zai ɓulle. Tsohonki ma haka ya zama ga masu karatunki: mutum sananne a cikin matsala sabuwa. Ko a rubutu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aku ne ya riƙe zaren Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tun daga littafi na farko har na uku, ga kuma irin son da aka yi wa Samanja da Kasagi a wasan kwaikwayo.

Sai dai labarin bincike ya fi kowane irin labari bukatar irin wannan mutum, ga kuma dalili. Shi da ɓarna yake farawa: an tsinci gawa, an kore garke cikin dare, an ci amana. Daga nan kowa abin zargi ne, daga maƙwabci har ɗan cikin gida. Marubuci da gangan yake hana mai karatu ya saki jiki da kowa. To, zuciya ba ta iya zama a haka har ƙarshen littafi ba tare da wanda za ta jingina da shi ba. Mai binciken shi kaɗai ne aka tabbata ba shi ya yi ba, kuma ba zai yi wa mai karatu ƙarya ba. In aka yi tafiya ɗaya da shi ya fid da mutum kunya, yaya za a yi a so canza shi? Ko a kasuwa, wanda ya sami dillali mai gaskiya ba ya neman wani.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gane amfanin wannan a harkar ɗab'i sosai shi ne Arthur Conan Doyle, likitan da ya ƙirƙiro shahararren jarumin labaran bincike, Sherlock Holmes, a 1887. A zamaninsa mujallun Ingila kan buga dogon labari gutsure-gutsure, wanda duk fitowa ɗaya ta wuce shi, zare ya tsinke masa. Doyle ya ga cewa in kowace fitowa ta zo da cikakken labari, amma jarumin bai canza ba, to an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: sabon mai karatu zai iya shiga ta ko'ina, tsoho kuma zai dawo don ya ga mutuminsa. A kan wannan tsari labaran Holmes suka fara fita a mujallar Strand a 1891. Ina so marubutanmu su dubi wannan da kyau, domin mu abin da muka saba shi ne a yanke labari daidai inda ya yi daɗi, a ce mu haɗu a littafi na biyu. Wancan jan rai ne, yana kuma gajiyar da mutane. Wanda aka ba cikakken labari ya ƙoshi, ya kuma dawo da ƙafarsa, shi ne mai karatun da ba ya gudu.

Shi kansa Doyle ya shiga irin halin da kike ciki, har ya fi. Ya gaji da Holmes, yana ganin ya tare masa hanyar rubuta littattafan tarihi da ya fi ɗauka da daraja. A Disambar 1893 ya kai shi bakin wani magangarin ruwa mai suna Reichenbach a ƙasar Suwizalan, ya haɗa shi kokawa da babban abokin gabarsa Moriarty, suka rufta tare. Masu karatu ba su yafe ba. A 1901 ya sake fito da shi a wani littafi da ya ce abin ya faru ne kafin mutuwar, a 1903 kuma ya dawo da shi da ransa, ya ce ashe bai faɗa ruwan ba. Daga ƙarshe littattafai 4 da gajerun labarai 56 ya rubuta a kansa. Mutane sun daɗe suna aika wasiƙu zuwa lamba 221B a titin Baker da ke Landan, gidan Holmes a cikin labaran, suna neman taimakon mutumin da ba a taɓa haifa ba. Hercule Poirot kuwa, mai binciken da marubuciya Agatha Christie ta ƙirƙiro, da ya mutu a littafinsa na ƙarshe a 1975, jaridar New York Times a shafin farko ta buga labarin rasuwarsa. Hausawa sun riga sun faɗa, sabo ake yi wa kuka.

Akwai kuma daɗin gasa. Wanda ya karanta labari uku na mai bincike ɗaya ya fara gane hannunsa. Ya san Holmes zai duƙa ya dubi laka a takalmi da tokar taba. Ya san Poirot ya fi son ya zauna ya bar mutane su yi ta zuba har wani ya yi suɓul da baka. Sai mai karatu ya riƙa ƙoƙarin riga shi gano mai laifi, da irin makaminsa. In ya riga shi ya ji daɗi, in an riga shi ya ce a sake sabon lale. Da baƙon jarumi ba a wannan wasa, don ba a san dokarsa ba.

Game da ko gazawa ce, a'a. Georges Simenon ya rubuta littattafai 75 a kan ɗan sandansa Maigret, ba wanda ya raina alƙalaminsa. Gazawar tana shigowa ne ranar da marubuci ya mayar da jaruminsa tarin alamomi: ga hularsa, ga goronsa, ga karin maganar da ya saba yi, shi ke nan an gama. Na sha ajiye littafi saboda wannan, kuma abin yana ba ni takaici, domin mai karatu ya zo ganin mutum ne, aka fito masa da rigarsa. Halin jarumi kada ya canza, amma kowane labari ya buɗe mana ƙofa ɗaya a rayuwarsa da ba mu taɓa leƙawa ba. Sai da aka yi labarai da dama kafin Doyle ya bari aka san Holmes yana da wa, mai suna Mycroft. Kada ki zazzage buhun gaba ɗaya a littafi na biyu.

Wani abu da ya shafe ki kai tsaye shi ne shekaru. Poirot ma ɗan sanda ne mai ritaya, daga Beljiyam, tun fitowarsa ta farko a 1920. Christie ba ta zaci za ta yi shekara 55 tare da shi ba, daga baya da kanta ta yarda cewa ta yi kuskure da ta fara da shi yana tsoho. Naki ya riga ya yi ritaya, don haka ki yanke shawara tun yanzu: zai riƙa tsufa tare da mu, ko kuwa lokaci zai tsaya masa? In zai tsufa, ki haɗa shi da yaro ko jika mai ƙafar zirga-zirga, wanda zai riƙa yi masa tambayar da ke bakin mai karatu, kamar yadda Dakta Watson, abokin Holmes, yake yi masa.

Shawarata, ki dawo da shi, amma kada ki sake ba shi shanu. Ki ba shi abin da sawu ba ya nunawa: takardar gona da ta ɓace ana gobe rabon gado, ko gwal ɗin amarya da ya yi ƙafa a gidan da babu baƙo ko ɗaya. Ki bar shi a Daura, a unguwar da kika san lungunanta, inda mai shayi ya san yadda yake son nasa. A shafin farko ki zaunar da shi a zaurensa bayan la'asar, rediyo a gefe, sai a yi sallama, ya ɗaga kai ya ga ɗaya daga cikin ɓarayin da ya sa aka kama a littafin farko, ya gama zaman kaso, ya zo neman taimako.