Kafin ka bari a yanke maka waya, duba mas

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye kofin shayina. Ka ce motarka Fijo 504 in ka taka birki fitilun baya su dushe, kilinyotan ya riƙa ɗan haske shi kaɗai, kuma sau biyu kana canza ampul a banza. Wallahi ciwon da ya kusa hallaka ni da iyalina ke nan.

Tawa familiyal ce, haɗin Kaduna, gadon mahaifina. Muna dawowa Tahoua daga Konni bayan isha'i, ni da uwargida da yara uku. Mun wuce Badagishiri kaɗan sai ga jakai tsaye a kan kwalta, na taka birki. Ashe takawar nan kusan kashe mini wutar baya take yi. Sai oda da ƙugin taya a bayana, tirela ta kauce ta faɗa gefen hanya, ƙura ta rufe mu. Direban ya sauko jikinsa na ɓari, ya ce, "Malam, ba ka da wuta a baya ko ɗis, Allah ne ya tsare." Autata tana barci a kujera ta uku, kanta jingine da gilashin gefe. Har yau in na tuna sai bakina ya bushe.

Abin takaicin, mako guda kafin nan na kai ta wurin wani mai gyaran wuta a nan gari. Jika goma sha biyu ya karɓa. Ya yanke wayoyi, ya murɗe su da hannu, ya naɗe da leda. Fusibil ɗin da ya ƙone kuwa takardar kwalin sigari ya nannaɗa masa ya mayar. Ya dafa kafaɗata yana cewa "an gama, Alhaji". Da na koma da safe na gaya masa abin da ya faru, ko kai bai ɗaga ba, wai tsohuwar mota haka take. Ban yi faɗa ba, amma na daina bi ta gaban rumfarsa.

Matsalar taka mas ce, wato haɗin gidan fitila da ƙarfen jikin mota, kusan in rantse. Wutar batir, volt 12, waya ce ke kai ta ga ampul, amma ta jikin ƙarfen mota take komawa. In tsatsa ta ci wurin da gidan fitilar ya haɗu da jikin mota, wutar birki ta rasa hanya, sai ta kutsa ta cikin ampul ɗin kusa da ita. Shi ya sa kake ganin wannan ya dushe, wancan ya kama. Samu guntuwar waya, ka ɗora kai ɗaya a ƙarfen gidan ampul, ɗayan a jikin mota, wurin da ba fenti ba tsatsa, ka sa yaro ya taka birki. In haske ya dawo tangaran, ka kama ɓarawo. Kwance notin da ke wurin da gidan fitilar ya haɗu da jikin mota, ka goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris. Ni wani dattijon bakanike ne ya nuna mini, ko dala bai karɓa ba.

Af, ka duba ampul ɗin da aka sa maka. In gurbin na mai zare biyu ne, 21 da 5 wat, wani sai ya cusa mai zare ɗaya, ya haɗe layin birki da na fitilar dare. Alamarsa, kana taka birki fitilun tabulo su kama.

Kuma robar da ke zagaye da fitilar nan, ka canza ta. Ƙurar hunturu ta taru a ciki, ruwan Agusta ya jiƙa ta, shi ke nan tsatsa ta samu gida. Kada ka yarda kowa ya raba ka da murfin fitila na asali wai zai sa maka sabo, nawa da na bayar har gobe ina nadama, sabon rana ɗaya ta bazara ta koɗe shi. Fusibil kuma a sa daidai lambarsa.

Don Allah kada ka fita da ita da dare sai ka gwada. Ka dawo ka gaya mana abin da ka tarar a bayan notin.