Tambaya da Amsa: Kiwon Firana Mai Jan Ciki a Tankin Gilashi

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan kifi guda, firana mai jan ciki, wanda masu shago ke rubuta sunansa piranha. Asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, musamman Amazon da Faraguwai da Farana. Dangi ne na nesa ga tsagen da masuntanmu suka sani, kuma a haƙora ma sun yi kama.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ƙananan firana a wani shago, ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ina da tanki mai cin lita 100, ina son in sayi biyu. Ya isa? Kuma da gaske ne suna cinye mutum? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tankin bai isa ba, biyun ma kuskure ne. Wannan ɗan yatsan da ka gani kan kai kusan santimita 15 a shekararsa ta farko, ya tsaya tsakanin 25 da 30 idan ya girma, kuma yana iya wuce shekara 10 a raye. Ka ware wa kowane babba lita 80 zuwa 100. Game da yawa kuwa, ko dai ɗaya tilo, ko biyar zuwa sama. Idan biyu ne ko uku, mai ƙarfin zai sa rarraunan a gaba har sai ya kashe shi, amma a cikin shida faɗan kan rarrabu, ba ya tarewa a kan guda.

Garke na shida yana son tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, wato kusan lita 650, da gilashi mai kaurin milimita 12 da sandunan riƙo a sama. Ruwan kaɗai kilo 650 ne, kafin a haɗa da gilashi da yashi, don haka teburin katako na falo ba zai ɗauka ba. A haɗa maka maɗori na ƙarfe a kan daɓe mai daidai.

Ka kuma duba bakin abin da za a sayar maka. Akwai wani kifin, faku, wanda a ƙuruciya shi ma jan ciki gare shi, har masu shago kan ruɗe. Firana muƙamuƙinsa na ƙasa ya turo gaba, haƙoransa masu tsini ne kamar na zarto. Faku haƙoransa dakusassu ne kamar na mutum, kuma yana wuce santimita 60, tankin gida ba ya riƙe shi.

Maganar cin mutum kuwa, yawancinta zuƙi-ta-malle ce da ta samo tushe tun bayan da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya rubuta labarin tafiyarsa Birazil a 1914. Cizo kam yana yi, mai ciwo kuwa, amma a tanki matsoraci ne na bugawa a jarida. Garken ma da yake yi, kariya ce daga kada da tsuntsaye masu cin kifi.

Tambaya: Na haɗa sabon tanki ranar Asabar, Lahadi na zuba ƙanana biyar. Zuwa Alhamis ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, kifin suna ta haki a sama, biyu sun mutu. Ruwan burtsatse ne mai kyau. Mene ne laifina? Daga Zariya.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Laifin ba na burtsatsen ba ne, gaggawa ce. Kifi yana fitar da amoniya ta kashinsa da kuma wajen numfashi, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. Ita kuwa guba ce mai ƙona matattarar numfashin kifi, shi ya sa ka ga suna haki. Abin da ke kawar da ita wasu bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soson matatar ruwa. Wasu su mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce domin tana hana jini ɗaukar oksijin, wasu kuma su mayar da naitirait naitireit, mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya, kuma kafin su kafu sai an yi mako 4 zuwa 6.

Da an bi ƙa'ida, za a kunna matata ba kifi a ciki, ana ɗan barbaɗa abincin kifi kullum ya ruɓe, ana gwada ruwan da magungunan gwaji na ɗigawa. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ta biyo baya ita ma ta sauka. Ranar da duka biyun suka nuna sifili, naitireit ta bayyana, ranar ce ta zuba kifi. Wanda ya samu tsohon soso daga tankin da ya daɗe yana aiki lafiya, ya sa a matatarsa, zai rage kwanakin sosai.

Yanzu da ukun suna ciki, ka riƙa canza rabin ruwan kullum, ka daina ba su abinci na kwana biyu, sannan ka koma ba su kaɗan-kaɗan, ka ƙara famfon iska. Kada ka taɓa soson. Nan gaba ma idan ya toshe, a cikin bokitin ruwan da ka ɗebo daga tankin za ka matse shi, ba a bakin famfo ba, domin kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, na kashe bakteriyan nan take.

Firana ƙazamin mai ci ne, yaga yake yi yana watsarwa, don haka matatarsa ta zama mai juya ruwan tankin duka sau 5 ko fiye a awa guda: lita 3,000 a awa ga tankin lita 600. Ƙananan matatu biyu sun fi babba ɗaya, ko ɗaya ta lalace ɗayar na aiki. Bayan komai ya daidaita, kowane mako ka zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 da mesa, kana bin ƙasan yashi inda dattin ke kwanciya. A tankin lita 600 jarka 6 ko 7 ke nan masu cin lita 25. Naitireit kada ta wuce miligiram 40 a lita, 20 ya fi. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 6 da 7.5. Ruwan famfo sai da maganin kashe kulorin, na burtsatse kuma a bar shi ya kwana a duro da famfon iska, domin yakan fito daga ƙasa da ƙarancin oksijin.

Tambaya: A nan zafin bazara kan wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta. Za su rayu kuwa? Daga Sakkwato.

Amsa: Za su rayu idan ka shirya, Malam. Suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Zafin kansa ba shi ne babban abin tsoro ba, ƙarancin iska ne: ruwa mai digiri 25 na riƙe oksijin kusan miligiram 8 a lita, a digiri 35 bai wuce 7 ba, alhali a zafin ne kifi ya fi bukatarsa. Ka ajiye tankin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Ka ɗage murfin, ka sa raga a madadinsa, ka saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. A busasshiyar iskar Arewa wannan kaɗai kan sauke digiri 2 zuwa 3, sai dai ka riƙa cike ruwan da ya tashi. Ƙanƙara a rufaffiyar gora tana taimakawa, amma kada a sauke zafin farat ɗaya.

Ga wuta, famfon iska mai batir ba tsada gare shi ba, kuma shi ke ceton kifi da daddare. In da hali, matatar ta hau kan sola ko inbata. Rufaffiyar matata da ta yi awa 5 ko 6 a kashe, kada ka bar ta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Buɗe ta, zubar da ruwan da ya kwanta a ciki, in ba haka ba ɗoyin zai koma tanki. Da hunturu kuma abin ya juya: hita biyu masu wat 300, kowace a cikin kejin roba, domin firana idan ya firgita yakan banke ta ta fashe.

Tambaya: Ɗana yana ba su hanta da tsokar shanu, wani lokaci ya sayo jajayen kifin ado masu rai ya jefa musu. Ruwan har wari yake. Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, ki sa ya daina duka biyun. Kitsen dabbar tudu ba ya narkewa da kyau a cikin kifi, taruwa yake yi a hantarsa, ga ɓata ruwa. Jajayen kifin adon kuma suna zuwa da cututtuka, sannan a jikinsu akwai wani sinadari mai lalata bitamin B1. A dawa firana na cin ƙananan kifi, ƙwari, tsutsotsi, har da 'ya'yan itace. A gida a ba shi tsokar karfasa da aka daskarar sannan aka narkar, tana, jatan lande, da ƙwayoyin abincin kifi masu nutsewa, ana sauyawa. Ƙanana sau biyu a rana, manya sau 2 ko 3 a mako. Abin da bai ƙare ba cikin minti 5, a tsamo shi.

Tambaya: Na wayi gari an gutsure bayan ɗaya, kuma da na shigo ɗaki sai su yi ta karo da gilashi. Daga Maraɗi.

Amsa: Gutsure yawanci yunwa ce, ko matsi, ko bambancin girma. Su kasance tsara ɗaya. Wanda aka ciza, a raba shi da sauran da allon roba mai huji a cikin tankin. Idan ruwa na da tsabta, naman firana na cikowa da saurin ban mamaki, cikin makonni kaɗan, sai dai ido idan ya tafi ya tafi. Karo da gilashi kuwa tsoro ne. A rage hasken fitila, a rufe bayan tankin da baƙar takarda, a sa kututturan itace da tsiro masu yawo a saman ruwa, a janye tankin daga bakin ƙofa. Kada a haɗa su da wani kifin, ko sun yi wata shida lafiya, rana ɗaya za a neme shi a rasa. Wajen aiki a cikin tanki a yi amfani da dogon awartaki, hannu mai rauni kada ya shiga, murfi kuma ya zama mai kulluwa saboda yara. In za a kama shi, da bokitin roba, raga ɓula ta yake yi, kuma yawancin cizon da masu kiwo ke samu a lokacin da kifin ke wutsil-wutsil a wajen ruwa ne.

Tambaya: Sun fi ƙarfina. In sake su a madatsar ruwan garinmu? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Kul, ɗan samari. Jihohi da dama a Amurka, irin su Fulorida da Tekzas, sun haramta ajiye firana saboda ruwansu na da ɗumin da zai iya rayuwa a ciki. Namu ya fi nasu ɗumi, mace ɗaya kuma na saka dubban ƙwai da ke ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 ko 3, masunta ne za su kwana a ciki. Ka mayar wa mai shago ko da kyauta ne, ko ka nemi mai babban tanki. In duk ya faskara, man kanumfari ne hanya mafi sauƙi ga kifin: mililita 0.4 a kowace lita, a kaɗa shi da ɗan ruwan ɗumi a gora, a riƙa tsiyayawa a hankali cikin bokitin da kifin yake har ya yi barci, a bar shi minti 30 bayan numfashi ya tsaya, sannan a binne shi.