Yadda ake kulle madannai da linzamin kwamfutar jama'a

Tambaya: Malam, mun ajiye kwamfuta a bakin ƙofar ɗakin karatunmu don masu neman littafi su riƙa duba kundi. Kusan kullum sai mun tarar an rufe shafin an buɗe wani abu daban. Har maɓallin Windows na ɓanɓare, amma abin bai daina ba. Ina mafita?

Amsa: Maɓallin da ka ɓanɓare ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa. Wanda ya danna Ctrl da Esc tare zai buɗe abin da shi maɓallin yake buɗewa. Alt da F4 suna rufe shafi, Alt da Tab suna tsallakawa zuwa wata manhaja, danna Shift sau biyar kuwa yana fito da akwatin saƙo wanda a wasu injunan yake kai mutum har wurin saiti.

Saboda haka fara daga asusu. Kada kwamfutar ta tashi da asusun mai gudanarwa. Buɗe mata asusu mara iko, sannan ka yi amfani da Assigned Access, wanda Microsoft ta shigo da shi tun Windows 8.1 a 2013. Yana ɗaure asusun ga manhaja guda, ta cika fuskar allo, ba a ganin komai sai ita.

Sai dai danna Ctrl+Alt+Del, wanda ke fitar da mutum daga manhajar, taurin kai gare shi. Windows ce ke karɓarsa kai tsaye, manhajojin toshe maɓallai na yau da kullum ba sa iya tare shi. Keyboard Filter, wato matatar maɓallai ta Windows, yana iyawa, amma a nau'in Windows na Enterprise da Education ake samunsa, babu shi a Pro. In Pro gare ka, akwai Scancode Map a cikin rajista, wato ma'ajiyar saitin Windows: da shi ka kashe Alt da maɓallin Windows ɗungurungum, ka sake kunna inji. Ka sani fa, wannan kowa yake shafa, har da kai.

Linzami ne ake rainawa, kuma a ganina ya fi madannai ɓarna. Ka lura da yaron da ya san hanya: ba ya taɓa madannai ko kaɗan. Zai danna daman linzami a kan hoto, ya zaɓi adanawa, akwatin zaɓen fayil ya buɗe. To wannan akwatin taga ce zuwa cikin kwamfutar gaba ɗaya. Daga nan sai ya bi manyan fayiloli har ya tayar da manhajar da yake so. Don haka a ƙa'idojin burauza ka hana sauke fayil, da buga takarda, da buɗe akwatin zaɓen fayil, ka kuma taƙaita adireshin da za a iya ziyarta zuwa na kundin kaɗai.

Saura jikin injin. Duk wannan wahala ta tashi a banza idan mutum zai iya soka filashinsa ya tayar da kwamfutar daga kansa. Sa kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke tayar da injin kafin Windows, ka hana tashi daga USB, ka saka injin a akwati mai kwaɗo yadda allo da madannai da linzami kaɗai ke waje.

Kafin ka kulle na ƙarshe, gwada hanyar da kai za ka riƙa shiga don gyara, ko ta nesa ko ta asusun mai gudanarwa, ka tabbata tana aiki bayan an sake kunna inji.