Amsa ga ɗan uwanmu da ake nema ya yi shaida a kan tsohon kamfaninsa

Wallahi ɗan uwa tun da na karanta tambayarka jiya da daddare barci ya gagare ni. Ka ce shekara tara ka yi a kamfanin roba, mai wajen ya riƙe ka kamar ɗansa har lefe ya taya ka, yanzu bayan ka bar aikin inji ya ci hannun wani yaro, kuma tun kana can kun sha faɗa cewa makunnin ƙofar injin ya lalace aka ƙi gyarawa, ga lauyan iyayen yaron yana neman ka yi shaida kai kuma kana ganin kamar butulci ne.

Ni shiru na yi, to bari ka ji yadda ta kaya da ni.

Makunnin ƙofar injinmu ma ba lalacewa ya yi ba, da gangan sufabaiza ya sa aka ɗaure shi da waya don kar injin ya riƙa tsayawa in an buɗe ƙofa, wai ana ɓata lokaci ba a cika adadin bokitan da ake so. Aikin dare muke, bakwai zuwa bakwai, wajen ƙarfe uku wani yaro ɗan kashuwal da bai fi wata biyu da zuwa ba ya zura hannu zai ciro bokitin da ya maƙale, kawai sai injin ya haɗe. Ƙarar da ya yi har gobe tana kunnena. Yatsu huɗu. Ni na cire rigata na ɗaure masa hannun, motar kamfani tana ajiye aka ce wai ba direba, sai a adaidaita sahu muka kai shi asibiti yana ta kiran innarsa. Da na dawo da asuba silifas ɗinsa ƙafa ɗaya na nan gindin injin da ledar garin kwakinsa da sukari, amma wayar nan an kwance ta tsaf kamar ba a taɓa ɗaurawa ba.

Da safe manaja ya kira ni ofis, har da lemo mai sanyi, ya miƙo takarda da turanci wai yaron gyangyaɗi yake yi. Bai yi min tsawa ba, cewa kawai ya yi ya jikin madam, don watan da ya wuce oga ne ya biya kuɗin tiyatar haihuwar matata. Na sa hannu. Na sa hannu ɗan uwa. Mutumin nan sahun gaba yake sallah, shi ke mana wa'azin amana, kuma shi ne bayan shekara biyu da aka tashi rage ma'aikata ya manna sunana a bakin get, maigadin da muke cin abinci kwano ɗaya ya ce an hana shi barina in shiga.

Alherin oganka alheri ne, ban ce ka manta ba, ka je ka gaishe shi da sallah, in rasuwa aka yi masa ka je gaisuwa. Amma lefen nan ba da hannun ɗan mutane za ka biya shi ba, guminka na shekara tara ya biya. Kuma ka duba ƙarshen Baƙara aya ta 283 kan ɓoye shaida, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Abin da idonka ya gani kawai za ka faɗa, kar ka ƙara ko gishiri don haushi, in kana da tsohon saƙon WhatsApp da kuka kai ƙorafi kar ka goge.

Sannan ka ce wa iyayen yaron kar su yi sanya. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, kamfani ya kamata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, saboda irin wannan ranar, kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da buƙata. Ni sai da lokaci ya wuce na san da wannan. Akwai kuma kotun ma'aikata. Kar su karɓi ɗan kuɗin da za a kawo musu a ambulan su sa hannu lauya bai karanta ba.

Abin da ke ƙona min rai an maida mu kamar kayan gyaran inji. A 2002 a Ikorodu ta jihar Legas gobara ta cinye ma'aikatan dare a masana'antar roba saboda an kulle su ta waje, a 2020 lokacin korona 'yan sanda suka fito da mutum sama da ɗari da aka tsare a wani kamfanin shinkafa a Challawa ta Kano, duk akwai irina a ciki da suka gani suka kama bakinsu.

Bara na haɗu da yaron nan yana sayar da katin waya, da hagu yake ƙirga canji. Shi ya fara gane ni, ya taso da murna yana cewa yaya ai kai ne ka ɗaure min hannu da rigarka, Allah ya saka. Bai san da takardar ba, kuma har yau na kasa faɗa masa.