Rigar Sallar jinjira daga zanen marigayiya

Ƙanwata, Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, Ya kuma raya abin da aka samu. Kin ce zannuwanta uku suka zo hannunki, kina son ɗinka wa ɗiyarki rigar Sallar farko da ɗaya daga ciki don a ajiye ta, sannan kina neman dabarar gyara ɗaki ba da kuɗi mai yawa ba. Sau biyu na yi irin wannan ɗinki. Na farko ɓarna na yi, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Kafin almakashi ya taɓa zanen, ki tabbata an raba gado kuma rabonki ne. In kuna da ƙanwa ko ya da take da ido a kansa, ki faɗa mata tukuna. Zane in an yanka ba ya komawa.

Lokacin da tamu mahaifiyar ta rasu, hannuna kan shaddarta ya fara sauka, Getzner ce ruwan ƙasa, wadda sau biyu ko uku kawai ta taɓa ɗaurawa. Na ce ai jika sai da mai tsada. Na kai wa wani tela a bakin Babbar Kasuwa, ya zuba mata aiki a wuya da zare mai ƙyalli, riga ta fito kamar ta amarya. Ranar idi muka sa wa yarinya, ko rabin awa ba a yi ba ta fara tsala ihu. Da na tuɓe ta, wuyanta da hammatarta sun yi ja wur. Shadda da ƙarfinta take zuwa, ga bayan aikin yana kartar fata kamar soso. Laifina ne, ba na tela ba, shi abin da na ce ya yi.

A haihuwa ta gaba sai na ɗauko zanen da nake jin kunyar a gani: tsohuwar atamfar ankon ranar mata ta 13 ga Mayu, wadda take ɗaurawa in za ta yi tuwo. Ta sha wanki har ta yi laushi kamar auduga, gefe guda ma akwai ɗan ƙunar garwashi. Wallahi da na buɗe ta, ƙamshin turarenta ne ya fara dukana, sai da na zauna. Ita ce ta yi. To cikin ukun nan naki, ki goga kowanne a kumatunki, wanda bai karce ki ba shi za ki ɗauka. Kuma shi ne wanda duk ɗan uwa in ya gani zai ce wannan ai zanen Inna ne. Ki ɗaga shi a rana ki duba inda ya sanƙame ko ya yi shara-shara, yawanci wurin zama da bakin ɗauri, ki kauce musu. Falle ɗaya yadi biyu ne, ya ishe ki riga da ɗan wando da hula, har saura ya rage.

Wajen yanka, lissafin wata ya fi lissafin tef. Ki ƙirga watanni nawa ɗiyarki za ta yi ranar Sallah, ki ɗauko rigar yaron da ya kai haka ki shimfiɗa a kan takardar buhun siminti, ki zana, ki ƙara faɗin yatsa biyu ko'ina. Ki tuna Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, don haka ki duba lokacin da za ta faɗo. In bazara ce, zafin Maradi na Afrilu da Mayu da yake wuce 40, ki yi ta ba hannu kuma ba shafi mai kauri. In hunturu ne ki bar wurin da za a sa wata a ciki.

Kan jariri ya fi yadda ake zato girma, sabon haihuwa ma zagayen kansa wajen santimita 35 ne. Kada ki dogara da wuyan riga, ki tsaga ta baya har ƙasa, ki sa maɓallin dannawa. Ɗinkin kuma ki yi shi sau biyu: ki fara ta waje, ki rage bakin, ki juya ki sake bi ta ciki, bakin yadin ya ɓuya gaba ɗaya. Ban da duwatsu da ƴan ƙananan maɓallai, yaro na tsinkewa ya kai baki. Ban da doguwar igiya a wuya. In kina son ado, ki ɗinka sunan yarinyar da shekarar da zare a ƙasan riga, inda ba ya taɓa jiki. Ni da hannu na yi, rubutun ya karkace, amma har yau shi mutane ke fara dubawa.

Ajiya kuwa nan ake asara. Tumbuɗin nono ba ya nuna kansa ranar, sai bayan shekara ki ga rawaya a ƙirjin riga. Ki wanke ta ko da kin ga tsaf take, ta bushe ƙayau a inuwa, kada ki sa sitaci don kyankyaso na binsa. Ki naɗe ta cikin farin ƙyalle na auduga, ba leda ba, leda na riƙe danshin damina. In akwatin ƙarfe ne kada ta jingina da jikinsa saboda tsatsa, kuma ki ɗora akwatin a kan bulo don gara. Kafur ɗin nan fari da ake jefawa cikin kaya, ki nisanta shi da duk abin da jariri zai sa. Yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai har ya kawo shawara. Ƙanumfari nake ƙullawa a ɗan tsumma in ajiye a gefe.

Gyaran ɗaki shi ne mai sauƙi. Tun 2015, shekarar Maradi Kwalliya da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a garin nan, na daina sayen adon takarda, iska ɗaya ke yaga shi. Ki roƙi tela ya tara miki ƙyallaye, ki yanka su masu kusurwa uku, ki jera a doguwar igiya ki bi da keke, ki ratsa ɗaki da ita daga ƙusa zuwa ƙusa. Bayan Sallah ki wanke ki naɗe, baɗi ki fiddo. Faya-fayai masu launi biyar ko bakwai a bango sun fi kowane hoto, ƙwarya mai zane ɗaya a tsakiyarsu. Sai dai ki rataye komai sama, nesa da kaskon turaren wuta da kuma gadon yarinya.

Sauran zanen Inna kada ki sa shi cikin ƙyallayen igiya, rana da ƙura za su cinye shi. Ni nawa majanyi na yi da shi, na ninka biyu na bi bakin da keke. Da shi na goyi yara biyu, yanzu yana hannun ƙanwarmu.